Sunayen da Ke Ƙasan Fasta: Yadda Kiɗan Na'ura da Kiɗan Latin Suka Haɗu a Filin Biki

A farkon watan Janairun 2019 masu shirya bikin Coachella na ƙasar Amurka suka fitar da fastar mawaƙan da za su hau dandamali a shekarar. Burna Boy ya duba, ya tarar da sunansa can ƙasa an rubuta shi da 'yan mitsi-mitsin baƙaƙe. Bai haɗiye ba. Ya hau Instagram ya ce shi ƙaton Afirka ne, don haka a gyara. Jama'a suka yi ta yi masa tsiya, wai an gayyace ka biki kana raina kujera.

Amma mutumin ya san abin da yake faɗa. A wannan sana'a girman baƙaƙen sunanka a fasta shi ne farashinka a kasuwa, kuma manajoji kan yi ciniki a kansa kamar yadda suke yi a kan kuɗin wasa. A wannan fastar dai akwai wani matashi ɗan Puerto Rico mai suna Bad Bunny, shi ma ba a layin farko yake ba. Shekara huɗu bayan nan, a 2023, sunansa ne a can ƙololuwa, ya zama mawaƙi na farko mai waƙa da Sifaniyanci da ya jagoranci dare guda a Coachella. Shekaru kaɗan kafin haka yaron yana zuba wa mutane kaya a leda ne a wani kanti a garin Vega Baja, idan ya tashi aiki ya ɗora waƙoƙinsa a shafin intanet na SoundCloud.

Akwai hanya tsakanin wancan kanti da saman fasta, kuma ba shi kaɗai ya bi ta ba. Wanda ya gane hanyar zai san inda zai riƙa neman sabbin makaɗa tun kafin sunansu ya yi tsada.

Kiɗan da aka yi da kayan gwanjo

Kiɗan na'ura, wanda wasu ke cewa kiɗan lantarki, shi ne kiɗan da mutum ɗaya zai iya haɗawa a ɗaki ba tare da ya tara makaɗa ba. Ganga, garaya, algaita, duk na'ura ce ke fitar da amonsu ko wani abu mai kama da shi. Reshen da ya fi yaɗuwa, wanda ake kira house, a Chicago ya tsiro, kuma ana danganta sunan da wani gidan rawa mai suna Warehouse inda Frankie Knuckles ya fara juya faifai a 1977. Lokacin kiɗan disko na shan ƙyama. A watan Yulin 1979 har tara faya-fayansa aka yi a wani filin wasa na Chicago aka tarwatsa su da nakiya a gaban 'yan kallo. Baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka da ke zuwa Warehouse ba su daina son kiɗan ba. Da sabbin faya-fayai suka yi ƙaranci, sai masu juya faifan suka fara yanka tsofaffi suna ɗinkewa, suna ƙara bugun na'ura a ƙarƙashi. A Detroit kuwa, garin masana'antar mota da ke durƙushewa, wasu abokai uku, Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson, suka fito da wani salo mai ƙarfe-ƙarfe da aka sa wa suna tekno.

Abin ban dariya shi ne na'urorin da suka gina wannan kiɗa duk rarar kasuwa ne. Kamfanin Roland na Japan ya fitar da TR-808 a 1980 da TB-303 a 1981, ƙwararrun makaɗa suka ce amonsu bai yi kama da na ganga ko jita ta gaskiya ba, aka daina ƙera su cikin 'yan shekaru. Suka koma kantunan kayan gwanjo inda yaran unguwa ke iya saye da kuɗin aljihu. Amon da ƙwararru suka raina shi ne yau ake biyan maƙudan kuɗi don a ji.

Akwai lissafi ɗaya da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin duk bayanin da ke gaba a kansa yake tafiya: yawan bugu a minti ɗaya. House na tafiya ne tsakanin bugu 120 zuwa 128, tekno ya fi shi sauri. Bugun daidai wa daida ne, kamar mace ɗaya tana daka a turmi ba ta sauya hannu. Aikin DJ shi ne ya daidaita saurin waƙoƙi biyu ya shigar da ta biyun cikin ta farkon ba tare da mai rawa ya ji gaɓa ba. Ke nan waƙar da saurinta ya yi nisa da na 'yar'uwarta ba sa zama a dare ɗaya cikin sauƙi. Shekara da shekaru wannan ne ya raba gidan rawar 'yan house da na 'yan reggaeton, wato kiɗan rawar Latin Amurka irin na su Bad Bunny.

Uku, uku, biyu

Idan house dakan mace ɗaya ne, reggaeton lugude ne. Babbar ganga na sauka daidai, amma ƙaramar tana faɗowa a gefe, tana raba ƙidaya takwas zuwa uku, uku, biyu. Ka gwada tafawa: ɗaya-biyu-uku, ɗaya-biyu-uku, ɗaya-biyu. Duk wanda ya tashi a Afirka ta Yamma kunnensa ba zai ji baƙon abu ba, domin tsarin daga nan ya tsallaka teku tare da bayin da aka kai Kyuba da sauran tsibiran yankin. 'Yan Kyuba na kiransa tresillo. Ya ma taɓa dawowa gida sau ɗaya, lokacin da faya-fayan Kyuba suka mamaye Kinshasa da Dakar da Konakiri a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, har suka haifar da rumbar Kwango da ƙungiyoyi irin su Orchestra Baobab.

Siffar da reggaeton ke amfani da ita ana kiranta dembow, kuma an san takamaiman inda ta fito. A 1989 wasu masu haɗa kiɗa biyu a Jamaika, Steely da Clevie, suka yi wani kiɗa mai suna Fish Market. A al'adar Jamaika kiɗa ɗaya mawaƙa da yawa ke hawa, kowa ya ɗora waƙarsa. A 1990 Shabba Ranks ya yi waƙar Dem Bow a kan wani kiɗa da aka gina daga wancan, sunan waƙar kuma ya bi bugun har yau.

Yaya aka yi kiɗan masu Turanci ya koma bakin masu Sifaniyanci? Amsar tana wurin mashigin ruwan Panama. Lokacin da Amurka ke haƙa shi, daga 1904 zuwa 1914, an kwaso dubban lebura daga Barbados da Jamaika, da yawansu kuma ba su koma ba. Jikokinsu a Colón da birnin Panama sun tashi da harshe biyu. A shekarun 1980 suka fara ɗaukar kiɗan Jamaika suna ɗora masa baiti da Sifaniyanci, suna miƙa wa direbobin bas kaset don su saka wa fasinja. Daga cikinsu El General ya fi suna. Ta birnin New York, inda 'yan Panama da 'yan Jamaika da 'yan Puerto Rico ke zaune unguwa ɗaya, kiɗan ya gangara San Juan, babban birnin Puerto Rico.

A can ya faɗa hannun yaran rukunin gidajen gwamnati, waɗanda ke shirya casu a garejin mota. Irin su DJ Playero da DJ Negro suka riƙa haɗa kaset mai tsawo, matasa goma ko fiye suna karɓa-karɓa a kan bugu ɗaya, ana sayarwa daga but ɗin mota. Daddy Yankee a irin wannan kaset aka fara jin muryarsa. Gaskiyar magana baitocin cike suke da batsa da zancen ƙwaya da bindiga, rawar da ake yi masa kuma, perreo, sunanta ma daga kalmar kare aka samo shi. A watan Fabrairun 1995, zamanin gwamna Pedro Rosselló da manufarsa ta murƙushe masu laifi, 'yan sanda suka kai samame kantunan faifai a San Juan suka kwashe ɗaruruwan kaset-kaset. A 2002 sanata Velda González ta sake tayar da yaƙi a kan bidiyoyin. Sakamakon kuwa shi ne wanda kowa zai iya hasashe: yaran masu kuɗi da ba su taɓa jin kiɗan ba suka fara tambayar inda ake samunsa.

Gasolina ta Daddy Yankee ta fasa iyaka a 2004. Daga baya garin Medellín na Kolombiya ya karɓi kiɗan ya sassauta shi, ya rage zafin titi ya ƙara zaƙin murya da zancen soyayya, ya fito da J Balvin da Maluma da Karol G. A 2017 Despacito ta zama bidiyon farko da ya kai kallo biliyan 3 a YouTube, ta kuma yi mako 16 a saman jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka.

Da kuɗi ya taru, sai masu asali suka ɗago kai. A 2021 Clevie da magadan Steely suka shigar da ƙara a wata kotun tarayya a Kalifoniya, suna cewa waƙoƙi fiye da 1,800 na mawaƙa sama da 100 sun hau kiɗansu ba izini. A 2024 alƙali ya ƙi yin watsi da ƙarar. Tambayar da aka kai gaban kotu mai nauyi ce: shin bugun ganga yana da mai shi? Bahaushe ba zai ji tambayar baƙuwa ba, tunda a wurinmu take yana da mai shi, ba a kaɗa wa talaka taken sarki, kuma kiɗan mahauta daban da na maƙera. Sai dai waccan mallaka ta martaba ce. Wannan ta kuɗi ce, idan kuma masu ƙara suka yi nasara, kusan duk wani mai reggaeton a duniya ya zama ɗan haya.

Daren da aka rage wa faifai gudu

Reggaeton na tafiya ne a kusan bugu 90 zuwa 100 a minti, house na 128. Labarin da aka fi bayarwa kan yadda aka cike wannan giɓi ya faru ne a 2009 a yankin Washington. Wani DJ mai suna Dave Nada ya je casun da wani ɗan'uwansa ɗalibi ya shirya, ya tarar yaran reggaeton da bachata, wani kiɗan Latin, suke rawa, shi kuma house kawai ya zo da shi. Ya san idan ya saka yadda yake fili zai watse. Sai ya ɗauki wata waƙar house ta 'yan Holan mai suna Moombah, ya rage mata gudu daga 128 zuwa 108. Da gudun ya sauka, sai ga dembow ya bayyana a cikinta kamar da ma yana ɓoye. Aka haɗa sunayen biyu aka ce moombahton. Salon kansa bai daɗe yana tashe ba, amma wannan matsakaicin gudu ya zama mahaɗa. Cikin shekaru kaɗan Major Lazer da DJ Snake da Willy William, duk mutanen kiɗan na'ura, suna ta fitar da waƙoƙi da mawaƙan Latin, kuma DJ na iya tsallakawa daga wannan gida zuwa wancan a dare ɗaya.

A gaskiya ma rabuwar ta suna ce kawai, domin reggaeton tun farko kiɗan kwamfuta ne. Luny Tunes, waɗanda suka haɗa kiɗan Gasolina, sun shahara da amfani da manhajar FL Studio ta wani kamfanin Beljiyam, wadda duk wanda ya taɓa zama a situdiyon waƙa a Kano ko Kaduna ya san fuskarta. Yaron Medellín da na Rotterdam da na Zoo Road allo iri ɗaya suke kallo.

Ni abin da ya fi jan hankalina ba manyan waƙoƙin rediyo ba ne, abin da ke faruwa a gefe ne. A Tijuana, bakin iyakar Meziko da Amurka, ƙungiyar Nortec ta ɗauki ƙaho da akodiyon na kiɗan arewacin Meziko ta zuba su cikin tekno tun ƙarshen shekarun 1990. A Buenos Aires wani daren rawa mai suna Zizek da aka fara a 2006 ya haifi kamfanin ZZK, wanda ya ɗauko cumbia, kiɗan da masu hali na birnin ke ɗauka na talakawa ne, ya sa mata rigar na'ura. Ta nan duniya ta san Chancha Vía Circuito da Nicola Cruz na Ekwado. A unguwannin kan tudu na Rio ta Brazil akwai kiɗan funk, mai ƙarar da ke girgiza ƙirji, wanda har yau hukuma ba ta gama yarda da casunsa ba. A Caracas ta Venezuela akwai salon da DJ Babatr ya jagoranta a farkon shekarun 2000, aka raina shi a gida a matsayin kiɗan 'yan daba, sai bayan kusan shekara ashirin gidajen rawar Turai suka fara gayyatarsa. Ka lura da yadda labarin ke maimaita kansa: unguwar talakawa, kayan aiki masu arha, raini daga masu hali, sannan can daga baya gayyata daga waje.

Biki kasuwa ne

Manyan bukukuwan nan ba su tsufa ba. Sónar na Barcelona 1994 aka fara shi, Vive Latino na birnin Meziko 1998, Coachella da Ultra na Miami 1999, Tomorrowland kuma 2005 a wani ƙaramin gari na Beljiyam mai suna Boom. Yau Tomorrowland na tara kusan mutum 400,000 a ƙarshen mako biyu, tikiti kuma na ƙarewa cikin mintoci. A watan Yulin 2025 babban dandamalinsa ya ƙone ƙurmus saura kwana biyu a buɗe, aka kwana ana haɗa wani, aka yi bikin. Irin kuɗin da ke ciki ke nan. Fasawa ta fi gobara tsada.

Masu biki na son DJ saboda dalili mai sauƙi. Ƙungiyar makaɗa na zuwa da tirela da ma'aikata, shi kuwa DJ na iya zuwa da filashi ɗaya a aljihu. Juyawarsu zuwa ga kiɗan Latin kuma ba soyayya ce ta kama su ba, alƙaluma ne. Ƙidayar 2020 ta nuna 'yan asalin Latin Amurka a Amurka sun haura miliyan 62, a Kalifoniya inda ake Coachella sun kusa kashi 40 cikin 100. A 2022 kuɗin da kiɗan Latin ya samar a kasuwar Amurka ya haura dala biliyan 1 a karon farko. Bad Bunny ya yi shekara uku a jere, 2020 zuwa 2022, yana kan gaba a duniya a Spotify. Kafin zamanin saurare ta intanet mai gidan rediyo na iya cewa masu saurarensa ba sa son waƙar da ba sa jin harshenta, ba mai ƙaryata shi. Da lambobi suka fito fili, uzurin ya faɗi. J Balvin ya jagoranci bikin Lollapalooza na Chicago a 2019, Karol G ta biyo baya a 2023. A Barcelona, da bikin Primavera Sound ya sa J Balvin a saman fastarsa ta 2019, tsofaffin masu zuwa bikin suka yi ta gunaguni cewa an lalata musu wuri, amma filin ya cika.

Su mawaƙan ma ba su da zaɓi. Abin da ake biya a kan saurare ɗaya ɗan mitsitsi ne, tun 2024 kuma Spotify ba ya biyan komai ga waƙar da ba ta kai saurare 1,000 a shekara ba. Abinci yana kan dandamali. Dandamalin kuwa a hannun 'yan tsiraru yake. Kamfanin shirya wasanni na Live Nation, wanda ya haɗe da kamfanin sayar da tikiti na Ticketmaster a 2010, shi ke da rinjaye a kamfanin da ke shirya Lollapalooza, kuma a 2021 ya sayi kashi 51 na OCESA, babban mai shirya wasanni a Meziko. Wani kamfanin, AEG, ke riƙe da Coachella. A 2024 gwamnatin Amurka ta kai Live Nation kotu bisa zargin babakere. Wata ƙara da wani ƙaramin biki na Portland ya shigar a 2018 ta fallasa sharaɗin da Coachella ke gindaya wa mawaƙa: daga 15 ga Disamba zuwa 1 ga Mayu ba za su hau wani biki a Amurka ta Arewa ba. Ƙaramin mawaƙi da ya samu gurbi a ƙasan fasta sai ya zaɓa tsakanin sunan da zai samu da abincin wata huɗu da rabi. Sónar ma, da ake ganin gidan masu neman sabon abu ne, yanzu yana ƙarƙashin kamfanin Superstruct, wanda kamfanin zuba jari na KKR ya saya a 2024. A 2025 makaɗa da dama suka janye daga bikin saboda alaƙar jarin KKR da Isra'ila.

Wannan ne ya sa idan ka jera fastocin manyan bukukuwa na shekara ɗaya sai ka ga layukan sama kamar an kwafa. Bambancin yana ƙasa.

Akwai biki ɗaya da nake jin daɗin labarinsa saboda a can 'yan kallo ne sarakai. Viña del Mar na ƙasar Chile tun 1960 ake yinsa, kuma taron jama'arsa ana yi masa laƙabi da Dodo. Idan mawaƙi ko ɗan barkwanci bai burge su ba, sai su yi ta feɗuwa da ihu har ya sauka. Idan ya burge, su ne ke matsa wa masu gabatarwa lamba a ba shi kyautar tsuntsun teku na azurfa, sannan na zinariya. Babu girman baƙaƙen da zai cece ka a wannan fili.

Ina ake samun sababbi?

Manhajojin saurare suna da amfani, amma a san halinsu. Aikinsu su riƙe ka, don haka abin da ya yi kama da wanda ka saba suke kawo maka. Ka saurari reggaeton sau uku, sai ka wayi gari ba abin da suke turo maka sai shi. Kamar mai shayin da ya haddace haɗinka ne, ba zai taɓa tambayarka ko kana son gwada wani abu ba.

Masu bin harkar da gaske hanyarsu daban. Suna sauraron cikakken wasan DJ na awa ɗaya ko biyu, irin wanda dandalin intanet na Boiler Room ke ɗauka tun 2010 ko wanda gidan rediyon NTS na Landan ke watsawa, domin DJ nagari ya riga ya tace ɗaruruwan waƙoƙi kafin ya zaɓi ashirin. Idan wani abu ya kama kunnensu sai su ɗaga Shazam, manhajar da ke gano sunan waƙa, ko su duba jerin waƙoƙin da masoya ke rubutawa. Da sun samu sunan, ba sa tsayawa kan mawaƙin. Suna duba wa ya haɗa kiɗan, wane ƙaramin kamfani ya fitar, sannan su bi kamfanin. Wanda ya gano TraTraTrax na Kolombiya ko NAAFI na birnin Meziko ya gano makaɗa da yawa a lokaci guda. A kiɗan Latin na yanzu mai haɗa kiɗa ya zama tauraro da kansa: Bizarrap na Ajantina a ɗaki ɗaya yake ɗaukar baƙinsa, yana ba kowane zama lamba maimakon suna, kuma da yawan waɗanda suka bi ta ɗakin ba a san su a wajen ƙasarsu ba kafin nan. Zama na 53, wanda ya yi da Shakira a Janairun 2023, shi ya kai shi kunnen waɗanda ba su san shi ba.

A nan ne labarin ya taɓo mu kai tsaye. A 2008 wani matashin Buzu ɗan Nijar, Mdou Moctar, ya zo Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, da gangar na'ura da muryar da kwamfuta ta lanƙwasa irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. Ba rediyo, ba kamfani. Waƙoƙin suka riƙa yawo daga waya zuwa waya ta bulutut da memori har arewacin Mali, inda wani Ba'amurke mai tattara kiɗa, Christopher Kirkley, ya ji ɗaya. Ya sa ta a tarin da ya fitar a 2011 na waƙoƙin wayoyin Sahara, ya kuma sha wahala kafin ya gano mai ita. A 2024 sunan Mdou Moctar yana kan fastar Coachella. Kamfanin Kirkley ɗin, Sahel Sounds, shi ne kuma ya sake fitar da kaset ɗin Mamman Sani na 1978 a 2013. Shekara da shekaru 'yan Nijar na jin kiɗan ogan ɗinsa a rediyo da talabijin tsakanin shirye-shirye ba tare da sun ɗauke shi wani abu ba, yau masu kiɗan na'ura a Turai na lissafa shi cikin magabata. Masu tura waƙa a bakin kasuwa, da muke wucewa kullum, aikin da suke yi bai da nisa da na waɗancan DJ-DJ na San Juan masu sayar da kaset a but.

Hanyar ma ta fara juyawa ta koma yamma. Mr Eazi, wanda shi ma yana ƙasan waccan fasta ta 2019, a shekarar ya fito a kundin haɗin gwiwa na J Balvin da Bad Bunny. A 2022 bikin Afro Nation ya sauka a Puerto Rico. Uku-uku-biyun Legas da na San Juan suka gaisa.

Shiga filin

Wanda ya yi niyyar zuwa da ƙafarsa ya san me zai tarar. Giya da ƙwaya da shigar da ba za ta yi wa kowa daɗin gani ba suna cikin abin, ba a ɓoye suke ba. Tikiti ɗaruruwan daloli ne kafin a zo maganar jirgi da masauki, ga biza, wadda kuɗin neman ta Turai kaɗai yuro 90 ne, ba sa dawowa idan an hana ka. Ƙarar lasifika kan kai ma'aunin desibel 100, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa wuraren kiɗa a 2022, don haka tsofaffin hannu ba sa zuwa ba abin toshe kunne. Cunkoso kuma ya fi komai haɗari. Bikin rawa na Love Parade a Jamus, wanda ya fara da mutum kusan 150 a Balin a 1989, ya ƙare ne a Duisburg a 2010 bayan mutum 21 sun mutu a turmutsutsu a wata hanyar ƙarƙashin gada da ta zama ita ce mashiga ita ce mafita. A Houston ta Amurka a 2021 mutum 10 suka mutu a gaban dandamali. Masu gogewa na shiga fili su fara neman ƙofar fita da famfon ruwa, kuma ba sa cusa kansu gaba.

Su ne kuma za ka ga sun iso tun rana tsaka, lokacin da filin ke wayam, sun nufi ƙaramar rumfa inda wani da ba a sani ba ke kiɗa wa mutum hamsin. A Afirka, Nyege Nyege na Yuganda, wanda aka fara a 2015 a yankin Jinja kuma 'yan siyasar ƙasar suka yi yunƙurin hanawa a 2018 da 2022, kusan duk fastarsa irin waɗannan sunaye ne, kuma masu shirya bukukuwan Turai kan je can cefane.

Ga mafi yawanmu dai filin bikin shi ne fuskar waya. Tomorrowland na watsa wasanninsa kai tsaye, kuma a watan Yuli agogon Beljiyam awa ɗaya kacal ya fi na Kano da Maraɗi. Coachella na watsawa a YouTube, sai dai Kalifoniya na bayanmu da awa takwas. Ana fara haskawa da yammacin can, wato wajen tsakar daren nan, kuma ƙananan sunaye ne ke fara hawa. Wanda ke saman fasta ba ya fitowa sai wajen sha ɗaya na darensu, lokacin mu nan ƙarfe bakwai na safe ta yi, ana haramar kai yara makaranta.